Kan Laka a Gonar Kawu

Jama'a, yau na ga abin da ya hana ni cin abinci!

Kawuna Bala na haƙa rijiya a gonarsa ta Gurbin Bore, sai ya tono kan mutum na laka. Na ce, "Kawu, don Allah kar ka taɓa!" Na figi babur zuwa Zurmi, na ɗauko wani ma'aikacin gidan tarihi. Kafin mu iso Kawu ya farfasa kan da diga!

"Gunkin arna ne," in ji Kawu. "Ana Shari'a, wanga abu ba ya kwana gonata."

Ma'aikacin ya tsugunna, ya harhaɗa ɓaraguzan kuncin, ya ɗaga mana. Tsage ne a jiki, irin na gidanmu sak!

Kawu ya shafa tsagen da ke kuncinsa.