Labarin Ɗan Wata Mata

Yayana shi ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta aika masa da tuwo sai ta ce, “Kai wa wancan.” In ya shigo gaishe ta, ta kawar da kai ta amsa a gajarce kamar baƙo ne ya yi sallama. Haka ake yi a ƙauyenmu, can wajen Shanono. Kunyar ɗan fari ce, mai yin ta ma yabonta ake yi.

A shekarun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa wajenmu a kan babura, suka sami yayan nawa a gona yana yankan gero. A amalanken shanu aka kawo shi gida. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ta hango ƙafafunsa, ta ajiye rariyar ta shige ɗaki.

Matan da suka zo gaisuwa sai yabonta suke. “Kun ga mace, ko ɗigon hawaye babu.” Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Ni da matarsa muka yi kuka har muryarmu ta dishe, aka yi ta rarrashinmu. Ita kuwa kowa ya zo ya ce, “Ya haƙuri?” ta ce, “Da godiya,” an rufe magana ke nan.

Bayan sadakar arba'in sai ta daina cin abinci. Ta kurɓi koko sau biyu ta ture kwanon. Ta wuni zaune tana fuskantar bango, in babur ya wuce ta bayan katanga jikinta ya ɗauki rawa. An yi mata rubutu ta sha, an yi hayaƙi, an yi ƙarin ruwa har jijiyar hannunta ta ɓata. Zani ya daina zama a ƙugunta. Na tabbata in aka ci gaba a haka, kafin wata kakar za mu sake zaman makoki.

A ƙaramin asibitin da muke zuwa aka ce mana akwai wata ma'aikaciya da aka turo daga birni, ta koyi jinyar masu ciwon damuwa ta hanyar zama da su a yi magana. Na ce a raina, magana? Mace tana ƙarewa a tsaye, a ce hira za a yi mata? Amma ba mu da sauran dabara, na kai ta.

Matar ta shimfiɗa mana tabarma a bayan ɗakin allura, ta gaishe da Inna har ƙasa. Sannan ta yi ɓarnar da ta kusa raba mu da ita.

“Inna, mene ne sunan marigayin? Faɗa min da bakinki.”

Inna ta miƙe ta gyara mayafi ta nufi ƙofa. Na juyo a fusace na ce, “Malama, ɗan fari ne fa! A birnin ba a gaya muku ba?” Ta dafe baki, ta bi Inna har bakin titi tana ba ta haƙuri.

Da ƙyar na shawo kan Inna muka koma ranar kasuwa. Wannan karon matar ta ce, “Inna, ba zan tambaye ki naki ba. An ce akwai wata mata a ƙauyenku da ta rasa ɗa a gona. Ba ni labarinta.”

Inna ta dubi tabarma. Ta ce, “Akwai ta.”

Daga nan bakin ya buɗe, kaɗan-kaɗan, zuwa bayan zuwa. Wata mata ce ta haihu tana ƙaramar yarinya, da aka yaye ɗan aka kai shi ɗakin kakarsa. Wata mata ce take laɓewa a bayan danga don ta ga tafiyarsa ta fari. Wata mata ce take tsame tsoka mafi girma ta tura ƙarƙashin tuwonsa, ta ce wa yara kuskure ne. Ni da na girma a ɗakinta ban san ko ɗaya ba. Ma'aikaciyar ba ta katse ta, ba ta kuma taɓa ce mata ta yi haƙuri ba. Ta dai koya mata jan numfashi a hankali in ta ji ƙarar babur, ta kuma roƙe ta ta riƙa ba awaki dusa da hannunta kowace safiya, ko ba ta jin yi.

Wata rana Inna ta iso safiyar da abin ya faru. Ta ce yaron ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, “Inna, na tafi gona.” Uwar tana tsintar wake, ba ta ɗago ba, ta ce, “To.” A nan muryarta ta karye. Ta ce, “Ban ɗago ba. Wallahi ban ɗago na kalle shi ba.” Ta yi kukan da ban san tana da shi ba, har masu jiran allura suka yi tsit.

A motar komawa gida na saya mata dafaffiyar gyaɗa, ba don ina sa ran za ta ci ba. Muna wuce gonakin da aka gama girbewa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ke da kuke hira da shi, ya san ina son sa?”

Abin da ya faɗo min shi ne ranar da ya taɓa ce min, yana dariya, “Ke ce 'yar Inna, ni ai ɗan Kaka ne.” Ban san iyakar wasan da ke cikin maganar ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Na ce, “Ya sani, Inna.”

Ta ɓare gyaɗa ɗaya ta kai baki, ta sake ɓare wata.