Hannun Anti Leƙe a Aljihu

A ɗakin binciken asibitin ba mai kiranta da sunan yanka, Anti Leƙe kowa ya sani, kuma ba ƙazafi aka yi mata ba. Tun tana budurwa mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata renon ƙanne, can ta samo halin. Tukunya na kan wuta sai ta buɗe ta gani, jariri na barcinsa sai ta kara kunne ta ji ko yana numfashi. A wurinta, abin da kake ƙauna ba ka barinsa shi kaɗai.

Aikinta renon ƙwayoyin halitta ne a cikin 'yan kwalabe, ta daɗe tana yi, hannunta kuma akwai albarka. Ana nan sai aka kawo sabon aiki. Za a zuƙo ɓargo daga ƙugun mai ciwon gwiwa, a ware ƙwayoyin da ba su riga sun zama komai ba, a rene su har su zama guringuntsi, a cike gurbin da ya zaizaye.

Shugabar ɗakin ta nuna mata wani akwati mai ƙofar gilashi. "Anti, guringuntsi ba shi da jijiyar jini, a ƙarancin iska ya saba rayuwa. Shi ya sa muka rage oksijin a nan ciki. Idan iska ta yi wa ƙwayoyin yawa ba sa zama abin da muke so. Ranar ba su abinci kawai za ki buɗe, shi ma maza-maza."

Ta ce to. Amma fa to ɗin baki ne. Macen da ta tashi tana buɗe wa mara lafiya taga, ka ce mata iska cuta ce? Duk wucewa sai ta ɗan buɗe, wai ta ga lafiyarsu. Da lokaci ya yi aka duba, abin ya fito laɓo-laɓo, ba ƙwari ko kaɗan.

Mai ƙwayoyin wata dattijuwar tela ce, wadda taka keken ɗinki ya cinye wa gwiwa. Anti Leƙe ta ci karo da ita a baranda, an sake zuƙar mata ɓargo, tana dafe da ƙugu.

"Ƙanwata, ke ce mai kula da su, ko?" in ji telar. "To, ki lallaɓa mini su. Allurar nan har ƙwaƙwalwa nake jin ta. Wallahi ba zan sake kwanciya a yi mini ta uku ba, gara in sayar da keken in zauna."

Kunya da tausayi suka rufe Anti Leƙe. Ta san hannun wa ya jawo wannan allura ta biyu.

Ni dai ban taɓa ganin mutum ya wahala da rashin yin abu kamar ita ba. Ta juya kujerarta ta ba akwatin baya. In za ta wuce, sai ta cusa hannuwa cikin aljihun farar rigarta, tana satar kallo ta gilashi. Abokan aiki suka samu abin tsokana: "Anti, ko mu ɗaure miki su ne?" Ta ce, "Ku ɗaure bakinku tukuna." A gida ma ta rame, har ƙanwarta ta tambaya ko wani ne ya ɓata mata rai. Zuciyarta kullum na raya mata sun shaƙe a ciki, ba mai jin kukansu. Makonni suka shuɗe a haka.

Ranar dubawa, shugabar ta ciro wani ɗan farin abu kamar maɓallin riga, ta danna shi da tsinken ƙarfe. Ya lotsa, ya dawo. Ta ce wannan zai yi.

Kafin a shiga da telar tiyata, ta sa aka kira mata Anti Leƙe, ta kama hannunta ta riƙe.

"Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Me kika yi musu wannan karon?"

Hawaye suka cika idon Anti Leƙe.

"Ƙyale su na yi, Yaya," ta ce. "Da na yi haka tun farko, da sau ɗaya za a soke ki."