Robon Da Ya Ƙi Komawa Mota

Matata tana kiransu ’yan tsanar maigida, na kuma gaji da gaya mata cewa ba ’yan tsana ba ne. Robo ne, irin na Japan, waɗanda za ka gani kamar mota ko jirgi, ka murɗa nan ka ja can, sai ga mutum tsaye da kafaɗu da fuska. Ina da talatin da ɗoriya a kabad ɗin falonmu a unguwar Tampouy. Na doshi hamsin, ga furfura ga hawan jini, amma har yau in na hango an baje kayan wasa na gwanjo a bakin titi sai na taka birki.

Ba sai na ga kwali nake gane na gaske ba. In na ɗora shi a tafin hannu nauyinsa zai gaya mini. In ina shakka sai in kara shi a kumatuna, domin na gaske akwai ƙarfe a jikinsa, ko a tsakar rana za ka ji sanyinsa. Gaɓarsa in ka lanƙwasa tana cewa ƙas, ta tsaya inda ka ajiye ta. Jabu kuwa ba nauyi, warinsa irin na sabon bokitin roba, kuma kafin sati hannuwansa sun fara lilo. Samarin yanzu da muke musayar hotuna da su a waya sun fi ni sanin shekarar da aka ƙera kowane ɗaya, kuma in abu ya gagare su sai su kalli bidiyo. Ba na raina su. Mu dai a Zango da yatsu muka koya, da kuma tsoron babanmu.

Gidanmu yana cikin tsohon Zango ne, kafin a rushe unguwar. Kawunmu, ƙanin Inna, yana sayar da yugu-yugu, wato kayan gwanjon da ake kawowa daga Turai cikin dila. Wani lokaci akan haɗo masa da buhun kayan wasa, shi kuma ba ya da lokacinsu, sai ya bar mu mu tona. Daga nan muka samu robo shida, ni da Yaya, wanda ya girme ni da shekara uku. Ba takardar bayani, wani ba hannu ɗaya, wani an tauna masa ƙafa. Huɗu na gaske ne, biyu jabu, kuma ba sai na faɗi wanda aka bar wa jabun ba. Yaya ne yake zama da kowane sabo a zaure, yana juya shi yana sauraren gaɓoɓinsa har ya gano hanyarsa. Ni aikina kallo da riƙe masa abin da ya cire.

Baba ɗan kasuwar atamfa da shadda ne a babbar kasuwa, sana’ar da ya gada. Ba mai faɗa ba ne, ban tuna ranar da ya ɗaga murya a gida ba, amma maganarsa ɗaya ce. Wata rana ya dawo ya tarar da robo a tsaye a kan taga, daidai inda yake shimfiɗa buzunsa na nafila. Ya ɗauka ya daɗe yana kallon fuskar.

“Wanga mi ne ne?” ya tambaya.

Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe shi a gabansa, ya miƙa masa mota. Baba ya juya motar sama da ƙasa. Washegari ya tsaya wurin limamin masallacinmu bayan asuba, ya dawo mana da hukunci. Mota mota ce, ba laifi. Amma abin da yake da fuska da ido biyu siffa ce, kuma mala’iku ba sa shiga gidan da siffa take. Saboda haka da rana mu yi wasanmu, amma kafin ya shigo gida gab da magariba kowane ɗaya ya koma mota. Duk robon da ya samu a gida kansa a waje zai yanke kan, domin liman ya ce siffar da ba kai ta tashi daga siffa. Mun san babban almakashinsa na yankan shadda, don haka ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Tun daga ranar kunnuwanmu suka koma kan mobilet ɗinsa, ƙaramin babur ɗin da yake hawa. Muna gane ƙararta tun daga kwanar masallaci, tana tari sau biyu in ya rage gudu. Tsakanin tarin nan da sallamarsa a zaure Yaya yana iya naɗe huɗu. Ni ɗaya da rabi nake yi, sai ya fizge rabin ya ƙarasa yana harara ta. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe tana yi mana dariya, wani lokaci ma ta ce ga mobilet nan alhali ba komai, don kawai ta ga mun rikice. Ina kewar waɗannan yammacin ƙwarai.

Babba a cikin shidan wata jar motar kashe gobara ce mai tsani a baya. Ita ta fi nauyi, ita ta fi sanyi a kumatu, kuma in ta tashi tsaye tsanin ne yake zama a kafaɗarta. Buɗe ta ba wuya, rufewar ce aiki. Yaya ya cinye hutu guda kafin ya gano yadda kan yake komawa cikin ƙirji, kuma bai taɓa koya mini ba. Da ya ci jarrabawa aka tura shi lise, wato babbar sakandare, a garin Bobo, ranar tafiya ya kira ni bayan ɗaki ya damƙa mini ita.

“Ka riƙe mini,” in ji shi. “Sauran ka yi yadda kake so da su. Wannan kar ka buɗe ta, ba ka iya ba.”

Wannan ne karo na farko da Yaya ya ba ni ajiyar wani abu. Wata biyu na riƙe amana, ina goge ta da tsumma ina mayarwa. Sai wani ɗan ajinmu daga unguwar Gounghin ya zo gidanmu ranar Alhamis da robonsa sabo dal cikin kwali, wai kawunsa ya kawo masa daga Faransa. Muka jera su a zaure muna gwadawa. Nasa ya fi duka biyar ɗina tsawo. Ya ɗaga ɗaya daga cikin jabuna da yatsa biyu ya ce cikin Faransanci wai mu ’yan Zango sharar Turawa muke tarawa. Raina ya ɓaci, na shiga ɗaki na ɗauko jar motar, na buɗe ta a gabansa. Da ta miƙe, na ce ya kara ta a kumatunsa ya kuma kara nasa. Ya kara su. Ashe nasa roba ce zalla. Ya tattara kwalinsa ya tafi, ni kuma na yi ta jin kaina a sama har aka kira la’asar.

Sannan na zauna rufewa. Ƙafafu suka shiga, hannuwa suka shiga, kai ya ƙi. Na warware na sake, na fara ta sama, na fara ta ƙasa, na danna har yatsana ya yi ja. Duk yadda na yi sai in ƙare da mota mai kan mutum a saman rufinta tana kallona. Ina cikin haka mobilet ta yi tari a kwanar masallaci. Na ruga ɗakin Inna na buɗe ɗaya daga cikin manyan kwanonin jerenta, waɗanda ba a taɓawa sai da biki, na jefa shi ciki na rufe.

Kwana huɗu ina ciro shi bayan makaranta ina fama, ina mayarwa. A na biyar, da safe, maƙwabta suka aiko aron kwanoni domin suna. Inna ta fito da su tsakar gida, Baba yana zaune a tabarma yana shan koko. Ta ɗaga murfi, ta yi tsalle baya tana a’uziyya. Baba ya leƙa kwanon, sannan ya dube ni.

“Na wa ne?”

“Na Yaya ne.”

“Wa ya buɗe shi?”

“Ni ne, Baba.”

“To ruhe shi.”

Na durƙusa a gabansa na gwada. Ya ba ni lokaci har ya shanye kokonsa. Da ya ajiye ludayi ya miƙo hannu, ya naɗe robon a hankici ya zura a aljihun rigarsa. Inna ta ce, “Alhaji, a yi haƙuri, yarinta ce.” Ya ce, “Na hwaɗi tun hwarko. Almakashi na kasuwa.” Ya tura mobilet ɗinsa ya fita.

Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi ya bar mini kan. Sati uku bai dawo da shi ba, bai kuma ta da maganar ba, ni kuwa ina na ga fuskar tambaya. Na rubuta wa Yaya wasiƙa na ba shi labarin kowa har da akuyar maƙwabta, ban ambaci jar mota ba. Na yi tunanin in ce an sace ta. Na yi tunanin in ce Baba ne ya buɗe da kansa, sai na ga ko jariri ba zai yarda ba. Abin da yake cina shi ne Yaya ya ce ban iya ba, kuma ga shi ya tabbata.

Ranar da Yaya ya sauka daga jirgin ƙasa don hutu, ko wanka bai yi ba ya tambaye ni ajiyarsa. Na ja shi bayan madafa na gaya masa gaskiya duka. Na zaci zai mare ni. Ya dube ni kawai ya ce, “Ai na gaya maka,” ya wuce. Da aka zuba mana abincin rana a kwano ɗaya kamar kullum, ya ce ya ƙoshi.

Gab da magariba Baba ya shigo. Ya amsa gaisuwar Yaya, ya tambaye shi karatu da lafiyar mutanen Bobo. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu a tabarma tsakaninmu. Jar motar ce, a rufe tsaf, tsaninta a kwance a baya.

“Ga motarku nan,” ya ce, ya ɗauki buta.

Ba mu san ko da kai a ciki ko babu ba, kuma doka ta hana mu dubawa yana gida. Sai da safe, da ƙarar mobilet ta ɓace, Yaya ya buɗe ƙirjin a hankali. Kan ya fito lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Yaya ya ranƙwashe ni sau ɗaya mai kyau, daga nan ya zaunar da ni ya nuna mini ɗan maɓallin da ake dannawa a bayan wuya kafin a tura. Muka yanke cewa wurin mai gyaran agogo na bakin kasuwa Baba ya kai ta, domin mutumin da ko rediyonsa sai an kama masa tasha ba zai iya wannan aiki ba. Ba mu yi masa godiya ba. A gidanmu in babba ya yi shiru a kan abu, kai ma shiru kake yi.

A kan haka muka zauna shekara talatin da wani abu. Aka rushe Zango, dangi suka watse, wasu Gounghin wasu Tampouy. Baba ya bar kasuwa da ƙafafunsa suka gaza, ya ƙarasa rayuwarsa a gidana. A rana ta uku ta zaman makokinsa wani tsoho Bamoshe ya zo da sanda, maƙwabcin shagonsa ne na da, mai sayar da zare da maɓallai. Bayan an shafa fatiha ya dube ni ya dubi Yaya, ya tambaya da Hausarsa ta kasuwa wane ne a cikinmu mai jar motar nan. Muka kalli juna, Yaya ya ce tasa ce.

“Kai! Motarka ta wahal da Alaji,” in ji tsohon. “Sati uku! Da an yi azahar sai shi sauke labule rabi, shi sa tabarau, shi hiddo ta. Mata su zo sayen zane, shi ce su dawo la’asar. Na ce, Alaji, kai ma mai agogo mana. Ya ce a’a, abin kunya ne a gan shi da shi. Na ce, bon, to yanke kan ka huta, ai kai ka yi dokar. Ya ce dokarshi ta gida ce, nan kasuwa ce. Ya ce ajiya ce babban ya ba ƙaramin, in ya yanke kan nan, babban ba shi ƙara ba ƙaramin ajiyar komi.”

Tsohon ya goge ido da gefen rigarsa yana dariya. Ya ce ranar da kan ya shige, Baba ya yi wata kabbara da ƙarfi har mutanen layin suka fito da gudu suna zaton gobara ce, suka tarar da shi zaune a kan dilar shadda da motar wasa a hannu.

Mutanen da ke tabarma suka yi ta ƙoƙarin danne dariya saboda makoki ake. Yaya ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hularsa. Ni da ban yi kuka ba a maƙabarta, a nan ne ya ƙwace mini, domin ban taɓa son in ga Baba in ce masa na gode kamar a lokacin ba. Tsohon ya dafa kafaɗata ya jira na natsa, sannan ya ce a miƙo masa sandarsa.