Na Ƙi Aikin 'Yar Ƙanena Don Ba Hannunta Kaɗai Ya Yi Shi Ba

Edita, ina gaishe ka tare da masu karanta wannan fili. Lokacin da abin nan ya faru, ni masassaƙin jirgin ruwa ne a bakin ruwan Yelwa, furfura ta fara cin gemuna, kuma ɗalibi ne a ajin yaƙi da jahilci. Na shiga ajin bayan an yanko mana Kebbi daga Sakkwato, na kuwa daɗe a ciki, don kaina ba mai sauri ba ne, haƙuri kawai gare ni. Wadda ta riƙe ni har na iya haɗa baƙi ita ce 'yar ƙanena. Tun tana firamare take zama kusa da ni da la'asar, tana dariya wai Baffa yana riƙe fensir kamar gizago. Ta girma, ta je Birnin Kebbi ta karanto kwamfuta, ta dawo da burin buɗe shagon aikinta a Yelwa kusa da innarta, ko da yake ana kiran ta aiki a Kaduna.

A lokacin kafe-kafen intanet sun fara buɗewa a garin. Ƙungiyarmu ta masassaƙa ta yanke shawarar a yi mana shafi a intanet, inda masu son jirgi daga ƙasan kogi za su ga hotunan aikinmu su aiko da oda, ba sai ta hannun dillalai ba. Da yake ni ne mai karatu a cikinmu, aka ɗora mini zaɓen wanda zai yi. Na ba ta. Ta yi murna, ta ce idan wannan ya karɓu, masu bandar kifi da masu shinkafa za su biyo baya, ta zauna gida ke nan. Ba a daɗe ba ta ce ta gama, kuma saurin ne ya fara sa ni zargi.

A sana'armu ba a sallamar mai koyo sai ya kawo jirgin da ya fafe daga gungume guda. Dattawa su kewaye shi suna ƙwanƙwasawa, sannan a tambaye shi ko hannun wani ya taɓa aikin. In ya taɓa, ya koma koyo. Da wannan ma'aunin na zo ranar da ta kawo kwamfutarta rumfarmu. Ta nuna hotunan jirage, ta nuna inda mai saye zai rubuta tsawon da yake so, dattawa suna ta kabbara. Sai ni, don kada a ce na fifita jinina, na tambaye ta a gaban kowa ko duk wannan aikin hannunta ne. Ta faɗi gaskiya. Ta ce ta ɗora shi ne a kan abin da suke kira firamwok, wato ƙwarangwal da wasu masana suka riga suka haɗa. Ƙofar shiga da kalmar sirri, da rumbun ajiye oda, da tsaro, duk a ciki suka zo, ita ta gina abin da ya shafe mu a kai. Ta ƙara da cewa jama'a da yawa a duniya shi suke amfani da shi, shi ya sa ta zaɓe shi.

Kaina ya kulle. Na kasa gane yadda za a yi mutum ya yi alfahari da cewa aikinsa irin na kowa ne. Na ce a raina, in ƙofarmu iri ɗaya ce da ta jama'a, ai makullinta yana aljihun jama'a. Mai wani kafe da ya biyo mu kallo ya samu ƙofa, ya ce yaran yanzu ba su son wahala, shi kam layi-layi yake rubuta nasa tun daga tushe, ba ya aron ko ƙusa. Wani tsohonmu ya ce to ga masassaƙi, waccan kuwa mai shafa fenti ce. Aka yi dariya, har da ni. Na karɓe aikin na ba mai kafe. Ba ta yi kuka ba. Ta rufe kwamfutarta, ta rusuna, ta ce Allah ya ba Baffa sa'a, amma in roƙi mutumin ya yi aikin yadda wani zai iya karantawa. Ban gane nufinta ba. Kafin ruwa ya janye ta tafi Kaduna, innarta kuwa ta koma gaishe ni daga bayan zana.

Mai kafe ya ja mu har muka gaji, amma ya gama, shafin ya yi aiki na ɗan lokaci. Daga nan ya rufe shago ya bi wani aiki Abuja, wayarsa ta daina shiga. Sai oda ta ɗauke. Muna cewa kasuwa ce ta faɗi, har wata safiya wani mai saye ya iso daga Lakwaja yana faɗa, wai ya aiko da saƙo tun tuni ya shirya ɗaukar jirgi, mu kuwa ba mu ga komai ba. Na shiga yawon neman mai gyara, daga Kwantagora har Birnin Kebbi. Duk wanda na je wa, tambayar farko ita ce a kan wane firamwok aka gina shi. Ni kuma in buga ƙirji in ce babu ko ɗaya, aikin hannu ne zalla. Sai su buɗe, su duba, su ce wanda ya rubuta shi kaɗai ya san hanyarsa. A wani shago ma masu gyara biyu suka kaure da gardama a gabana, wannan yana cewa nasa ƙwarangwal ake yayi, wancan yana cewa ya tsufa. Na fito ban san ko firamwok ɗin nan magani ne ko ado ba.

A bakin ruwa na fara fahimta, kaɗan. Wani jirgin katako daga Ngaski ya bugi kututture ya fashe, wani kafinta ɗan Shanga da bai taɓa ganin jirgin ba ya cire katakon ya sa sabo kafin azahar, don haƙarƙarin jiragen katako tsari ɗaya ne a duk kogin nan. Na juya na kalli jirgin da mahaifina ya fafe, wanda ya tsage tun ina saurayi aka rasa mai gyara shi, kaji ke ƙwai a ciki. Abin kunyar, ni kaina na daɗe da komawa haɗa na katako, tunda manyan itatuwa sun ƙare. Al'adar tambayar ce kawai ta rage a bakina, na ɗauke ta na buga wa yarinyar da ta koya mini rubuta sunana.

Na kira ta. Ta saurare ni har na gama, ta ce ba komai, Baffa. Daga Kaduna ta sake ɗora mana shafin a kan ƙwarangwal ɗinta na farko, ta danƙa kulawa da shi ga wata abokiyar karatunta a Birnin Kebbi, wadda ta buɗe ta gane komai nan take. Oda ta dawo. Na tambaye ta yaushe za ta dawo ita ma, ta yi 'yar dariya ta ce aiki ya riga ya riƙe ta can.

Har yau ban gane dalilin da ya sa wani firamwok ke tashe wani ya kwanta ba, kuma na daina yin kamar na gane. Abin da na sani shi ne, abin da hannu da yawa suka sani ba ya mutuwa da tafiyar mutum ɗaya. Ina gargaɗin dattawa irina da aka ɗora wa hukunci a kan aikin da ba namu ba: ku tambayi wa zai gyara in ya lalace, kafin ku tambayi wa ya sassaƙa. Kuma in za ku gwada yaro, kada ku yi a gaban masu dariya. Shagon da ta so kamawa yana kan hanyata ta zuwa bakin ruwa. Man inji ake sayarwa a ciki yanzu, ni kuma kullum ta gabansa nake wucewa.