Birkin Keken Baba Arzika

Ni ce na sa wa keken babana kwaɗo, kuma ba na ɓoyewa. Mutumin da ya faɗi sau biyu cikin sati guda, ya dawo gida da haɓa a fashe, me ake jira in yi? In tafa masa?

Sunansa Arzika, manomin shinkafa ne a Illo. Shekara talatin da wani abu yana hawan baƙin kekensa mai birkin ƙarfe zuwa fadama, da safe ya tafi, bayan la'asar ya dawo da ciyawar awaki ɗaure a baya. Bai taɓa yarda ya hau babur ba, wai hayaniyarsa tana hana shi gaisawa da mutane. Da keken ya gaji har ƙarfensa ya tsage, yayana Muktar ya sayo masa ɗan Kwatano a ƙetaren iyaka, irin mai giya da manyan tayoyin nan masu gurza-gurza. Baba ya yi murna kamar an yi masa sabuwar riga.

Faɗuwar duka biyu a wuri ɗaya aka yi su, gangaren da ake sauka fadama. Muktar ya ce tsufa ne. Ni ma na ce tsufa ne, na rufe keken. Baba bai yi faɗa ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Kwana tara yana zaune a zaure, shinkafarsa tana can tana fitar da kai, shi kuwa sai tambayar masu wucewa yake ko ruwa ya hau.

Rana ta goma ya ce, "Mashkura, buɗe mini shi in kai wa Albashir. Turawa zan yi, ba hawa ba. In ya ce ni ne, na bari har abada."

Na bi shi, don ban yarda da turawar ba.

Albashir mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, mutum mai sanyin hali har ya ba ka haushi. Bai taɓa keken ba tukuna. Ya ce, "Baba Arzika, riƙe shi. In akuya ta gitta maka, wane hannu ke fara matsewa?"

Baba ya matse na hagu.

"To, ga ta nan. A tsohon kekenka hagu ke kama tayar baya. Wannan daga ƙasar da ya fito, hagu gaba yake kamawa. Kuma birkinsa ba irin wancan ba ne, yana cafka nan take. A gangare ka matse shi da ƙarfi, dole ya jefa ka."

Wallahi kunya ta rufe ni. Baba ya juyo ya dube ni, gemunsa yana motsi.

Albashir ya kwance wayoyin biyu ya musanya su. Ya cire robobin birkin da suka zo da keken, ya ce sun bushe sun yi tauri, ya zube wasu a tabarma yana latsa su da farce har ya zaɓi dogaye masu ɗan laushi, wai su ne ke riƙewa in rim ya jiƙe da taɓon fadama. Ya goge rim ɗin tas. Kowace roba sai ya daidaita ta a tsakiyar rim, kada ta taɓa taya, ya cusa ɗan guntun kwali a bayanta kafin ya ɗaure noti don kada ta yi ƙara. Ya juya taya, ya matse, ya sassauta, ya sake. Ni dai ƙafafuna sun gaji da tsayuwa. Daga ƙarshe na ga ya sa ƙaramin ƙarfe yana murza wani abu a jikin hannuwan birkin duka biyu.

Baba ya hau, ya nufi wajen masu albasa, ya juyo, ya tsaya cak a gabana ba ko tangaɗi. Ya ce, "Ki gaya wa Muktar." Sai ya sake tafiya, wai zai ƙara gwadawa.

Na tambayi Albashir me ya murza a ƙarshe. Ya amsa yana goge hannu da tsumma.

"Na matso masa da hannuwan birkin ne kusa. Da ya riƙe, na lura yatsunsa ba su buɗewa sosai yanzu. Maganar wayar gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai sauran wuri, in yatsun sun ƙara rufewa ki kawo keken da kanki in ƙara matsowa. Kada ki gaya masa."

Na ce, "In wurin ya ƙare fa?"

Kafin in rufe baki, Baba ya riga ya iso yana kaɗa ƙararrawa.

Damina biyu ke nan. Sau ɗaya na kai keken, na ce wa Baba iska zan sa a yi masa. Kwaɗon yana nan cikin kwallata, kuma kullum da safe sai na kalli yatsunsa lokacin da yake ɗaukar kofin kunu.