Askar Kawu Sale da Ƙasashe Shida

Duk wanda ya taɓa miƙa kansa ga Kawu Sale wanzami a unguwar New Bell ta Duwala ya san ba aski kaɗai ake yi ba, har da jarrabawa. Sai ya jiƙa maka kai, ya ɗora aska daidai bayan kunne, sannan ya ce, "Babban birnin Chadi?" Wallahi na ga ƙaton direban tirela yana rawar murya: "Injamena, Baba! Injamena!" Wanda ya faɗi kuwa, da rabin aski zai tashi. Ni ɗan ƙanwarsa ne, amma haka na je Juma'a, gefe guda tas, gefe guda daji, don ya tambaye ni wani babban birni, na manta Bangi ce amsar.

Taswirar ƙasashe shidan nan da muke kashe sefa ɗaya, daga tsohuwar kalanda ya yanko ta ya manna a bango. Ruwan Duwala ya yi yoyo ta kwano, launin Chadi ya gangaro cikin Kamaru, Gabon ta narke cikin Kongo. Na ce, "Kawu, bari in sayo maka sabuwa a unguwar Akwa."

Ya ce, "Kul! Shekara nawa manya suna taro a otal don a haɗa ƙasashen nan? Ga shi rufina ya gama musu aikin a damina ɗaya."

Yawan jama'a kuwa, bai yarda da na rediyo ba. Wai masu ƙidaya ba su taɓa riƙe kan kowa ba. Shi da kawunan da ya aske yake aunawa. Chadi? "Sun fi yashi." Gini Ikwatoriya? "Mutum biyu ne, ɗayan ma mai sanƙo." Gabon fa? "Babu kowa. Itatuwa ne sai Garba."

Garba ƙanensa ne. Ya tafi Libreville, babban birnin Gabon, neman aiki tun ina goye, shiru kake ji. Lissafin Kawu shi ne, ƙasar da ba mutane, neman mutum ɗaya ba zai yi wuya ba. Ranar da ya ji rediyo ta ce an buɗe iyakoki, ya ɓamɓare taswirarsa, ya naɗe, ya hau mota.

A bakin iyaka jandarma ya ce, "Papiers!" Wato takardu.

Kawu ya shimfiɗa masa taswira a tebur. "Duba da kyau, yaro. Ka ga layi? Ƙasa ɗaya ce. Rediyo ma ta faɗa."

Jandarma ya ce, "Papa, tunda rediyo ce ta buɗe, sai ka shiga ta rediyo."

Ya dawo New Bell a bayan bensikin, babur ɗin haya, ƙafa a kumbure. Muka taru muna "Ina tsarabar Gabon?" Ya ce, "Na leƙa. Na faɗa muku, itatuwa ne." Ya sake manna abarsa.

Mun sha dariya, ni na fi kowa. Amma ku da kuka zauna a bencin askinsa kun san in baƙo ya ci jarrabawa, akwai tambaya ta ƙarshe, wadda Kawu ke ɗage aska ya yi ta a hankali: "A yawonka, ba ka ga wani dogo mai tabo a gira ba?"

Har ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda ya ce ya gani. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Garba a inda ba shinge, ba jandarma. Amin.