Ƙunshin da Ba a Ɗaura wa Jan Zare Ba

Shekara bakwai ina wanke kwalabe da farantai a ɗakin binciken cututtukan shuka, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini abin da nake wankewa. Wannan ne ƙorafina, kuma ban janye shi ba har yau da na yi ritaya. Laifin da zan ba ku labari nawa ne, na ɗauka, amma ba ni kaɗai na aikata shi ba. Ranar da ya fito fili ba ta taɓa fita daga raina ba.

A farkon shekarun casa'in ne. Ni atanda ce, mataki na uku, wato sama da masinja kaɗan. Sama da ni akwai Malam Sabo, teknishan, shi ke haɗa magunguna yana rubuta komai a babban littafi. Sama da shi sai Dokta, wanda ya dawo daga karatu a waje ba abin da ke kansa sai ɓurtuntuna. Ga wanda bai taɓa noma ba, ɓurtuntuna cutar dawa ce. Zangarniya za ta fito kamar ta kirki, ka matsa ƙwayar sai baƙin gari kamar kunkunniya.

Ni karatu da girma na same shi. Ina da 'ya'ya huɗu, mijina ya rasu, na shiga ajin yaƙi da jahilci a Unguwar Shanu na iya karanta Hausa da lambobi. Turanci ban fara ba tukuna. Saboda irinmu aka kafa ƙa'ida a ɗakin: duk abin da ke ɗauke da cuta, a ɗaure bakinsa da jan zare. In na ga jan zare, in kai shi tukunyar tururi in dafa, in kai rami a ƙone, in sa hannu a littafi. Abin da ba jan zare kuwa ragowa ne. Kuma al'adar wurin tun kafin in zo, in an gama shukar gwaji, ragowar iri ta ƙananan ma'aikata ce. Ba sata ba ce, a gaban kowa ake ɗauka.

A watan Yuni na tarar da ƙunshin irin dawa a kan benci, wajen mudu biyu, an ɗaure da farin zare, da takarda mai lamba sha bakwai da rubutun Turanci a ƙasa. Irin ya ɗan yi duhu, na ce maganin iri ne aka barbaɗa. Na ɗauka na shuka a 'yar gonar da mijina ya bar mana a Katabu. Gonar tana iyaka da ta Malam Isa, malamin allo, wanda gidansa kaf da gonar tasa suke kai shekara. A masussuka ɗaya muke sussuka, mu da shi da sauran maƙwabta, kuma kowa daga nan yake ware irin baɗi.

Wata Laraba a ƙarshen Oktoba Dokta ya tara mu duka, har mai shara, abin da bai taɓa yi ba. Littafin na buɗe a gabansa.

"Ƙunshi mai lamba sha bakwai," in ji shi. "An rubuta a ƙone shi tun Yuni. Ban ga sa hannun wanda ya ƙone ba."

Malam Sabo ya ce, "Ranka ya daɗe, jan zare ne ya ƙare ranar. Amma na rubuta a jikinsa, da manyan baƙaƙe."

Na ce, "Dokta, mene ne a ciki?"

"Asabe, ba da ke ake ba," in ji Malam Sabo.

"Da wa ake? Kai ke ƙonawa ko ni?"

Dokta ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. Sannan ya yi bayani da Hausa tsantsa, ashe ya iya. Ya ce ɓurtuntuna wata irin fumfuna ce, kuma jinsi biyu ce, kamar mace da namiji. Kowanne shi kaɗai a faranti ba ya cutar da komai, sai dai ya yi ta tsiro kamar yis. In suka haɗu, akwai wani umarni a cikin ƙwayoyin gadonsu da ke farkawa, sai su canza kama su zama zare. Zaren ya huda tsiron dawa tun yana ƙarami, ya bi cikinsa shiru har zangarniya. Wannan umarnin yake nema, don in an san shi a san inda za a toshe. A cikin neman ya haɗa wasu biyu da aka kwaso daga wurare masu nisa da juna, sai 'ya'yansu suka fi iyayen mugunta. Har irin dawa mai juriya da aka raba wa manoma sun kama. Garin waɗannan 'ya'yan ne aka barbaɗa wa lamba sha bakwai, don gwaji a ɗakin raga kaɗai, rufaffen ɗakin da ake shuka a ciki.

Na ce, "In aka shuka shi a waje fa?"

"Wa zai shuka?"

"Tambaya nake yi."

Ya ce, "Bana gonar mutum ɗaya ce. Muddin fatar ƙwayar ba ta fashe ba, garin na ciki. In aka sussuke ta tare da ta mutane, ya manne wa irinsu. Baɗi gonakin ƙauye ne. Bayan nan ban sani ba."

Wannan "ban sani ba" ita ta fi komai tsorata ni. Mutumin da ya ƙetare teku don wannan cutar ya ce bai sani ba.

Ana tashi aiki na shiga mota a Kawo na sauka Katabu bayan la'asar. Sati biyar rabona da gonar. Daga nesa dawar ta yi kyau, har na fara cewa ko wani ƙunshin na ɗauka. Na janyo zangarniyar farko. Maimakon ƙwaya, wasu 'yan jakunkuna ne masu ruwan toka, dogaye. Na matsa ɗaya, baƙin gari ya cika mini yatsu. Na bi kunya uku, kusan kowace zangarniya haka take. Iska ta ɗan kaɗa, kawunan suka sunkuya wajen gonar Malam Isa, na ji kamar in rungume su duka.

"Maman Lawal, yau ke ce a gona ranar aiki?"

Malam Isa ne, da lauje a kafaɗa. Na cusa hannuna cikin mayafi.

"Allah gafarta Malam, ni ce."

"Irin gwamnatin nan naki ya tsere wa nawa. Ku ma'aikata komai sai kun fi mu. Baɗi dai ki tuna da maƙwabci, mudu ɗaya ya ishe ni."

Na ce, "Allah Ya kai mu."

"Sauran sati uku a fara yanka. Na sa an share masussuka. Lafiya dai? Na ga kin yi wani iri."

Na ce rana ce. Ƙarya na yi wa malamin da ya yi wa mijina salla. Ya wuce, na karya zangarniya ɗaya na naɗe a takarda, na naɗe takardar a leda.

A mota na yi ta lissafi. Zan iya komawa da kananzir in cinna wa gonar wuta in ce tsautsayi ne, ba wanda zai sani. Amma hayaƙi ba ya ɗaukar garin? Wanda ya zuba ƙasa fa? Wanda ke takalmina da mayafina, da na shiga da su cikin mutane? Ban sani ba, kuma Dokta ne kaɗai zan iya tambaya. Tambayarsa kuwa ita ce takardar tuhuma, bayanta kora, ba fansho, ga yara huɗu. Na isa gida da magariba na wanke hannuna sau uku da sabulu, ina ganin baƙin na nan a ƙarƙashin farce. Lawal ya miƙo mini tuwon dawa, na kasa kai loma baki.

Ku da kuke aikin yanzu, abin da na gane ranar ke nan. A ɗakin bincike, wanda ya fi kowa taɓa abu mai haɗari shi ne wanda aka fi ƙin yi wa bayani. An ba ni launin zare a maimakon dalili. Da zaren ya ƙare, ba abin da ya rage mini. Da Dokta ya yi mini maganar minti biyar ɗin nan tun shekara bakwai da suka wuce, da na ga duhun irin na san mene ne.

Da asuba na buɗe kwandon ɗinkina na yanko jan zare, na ɗaure bakin ledar da kaina. Ƙarfe bakwai ina tsaye a ƙofar ofishin Dokta. Yana zama na ajiye masa a tebur.

"Ga lamba sha bakwai," na ce. "Tana Katabu, a gonata, ba ta fashe ba tukuna. Ina son mota da buhuna da kananzir, kuma da kai za mu, don kai za ka yi wa Malam Isa bayani yadda ka yi mana jiya. Takardar tuhuma ka rubuta in mun dawo. Da Hausa, don in karanta da kaina."